Jujin Yau, Fulotin Gobe

A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, kamar sauran garuruwanmu, da wuya a ce ga ranar da hukuma ta zauna ta zaɓi inda juji zai kasance. Rami ake haƙawa a bayan gari don ɗibar ƙasar gini, damina ta cika shi ya zama kududdufi, maƙwabta su fara watsa shara a bakinsa. Bayan wasu shekaru ramin ya cike ya yi tozo, sai dillali ya zo da igiyarsa ya yanka shi fuloti-fuloti.

A da, abin bai zama damuwa ba, domin sharar gari toka ce da kashin dabbobi da ƙaiƙayi. Da rani manoma kan kwashe ta a mangala, jakuna su kai gona a matsayin taki. Yanzu kuwa duk wanda ya tsaya a gefen kasuwar Shinkafi bayan ta watse ranar Alhamis zai ga abin da ya rage: ledar fiya wata, robobin lemo, matattun batiran tocila, kwalaben magani. Waɗannan ba sa ruɓewa, manomi ba ya son su, don haka juji sai ƙaruwa yake yi, yana cin fili.

Garuruwan su ma suna faɗaɗa. Ƙaura ta bunƙasa tun da layin dogo ya iso ta a 1929, ta ƙara cika da aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya a 1983. A shekarun nan kuma rashin tsaro ya koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Filin da ya fi arha shi ne na kusa da bola, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne ke saye.

Ɓarnar juji ta wuce wari da ƙudaje. Ruwan sama idan ya ratsa tarin shara yakan fito baƙi, ɗauke da ƙwayoyin cuta da gubar batir, ya tsatsa ƙasa. Inda ƙasa ke da yashi kuma ruwa ke kusa, kamar fadamun kogin Gagare da na Bunsuru, ba ya daɗewa yake isa rijiyoyi. A can ƙarƙashi kuma, abin da ke ruɓewa yana fitar da iskar gas mai kama wuta, shi ya sa bola kan yi kwanaki tana hayaƙi bayan an ɗauka ta mutu. Sannan ƙasar da aka cike da shara takan yi shekaru tana lotsawa, sai a ga bangon sabon gida ya tsage daga tushe. Ruwan da kududdufin ke tarewa kuwa dole ya nemi wani wuri. Unguwannin Kano da dama sun ga haka: an cike kududdufai an yi gini, ambaliya ta shiga ɗakuna.

Manyan birane sun riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Jujin Olusosun a Legas yana bayan gari lokacin da aka fara zuba shara a cikinsa, yau gidaje da masana'antun Ojota sun kewaye shi, kuma da ya kama wuta a watan Maris na 2018 hayaƙi ya turnuƙe unguwannin. A Adis Ababa, tsaunin shara na Koshe ya zabtare a watan Maris na 2017, ya hallaka mutum fiye da 100 da suka yi gidaje a gindinsa.

Zamfara ma tana da nata darasin. Bayan gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010, an kankare gurɓatacciyar ƙasar gidaje a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, aka binne ta a ramukan da aka keɓe. Irin wannan wuri ba ya sake zama gona ko fuloti, kuma amfanin aikin ya rataya ne a kan kada na baya su manta inda ramin yake.

Doka ba ta bar abin a buɗe ba. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora kwashe shara a kan ƙananan hukumomi. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke bayarwa, kuma ana iya karɓar fili don amfanin jama'a. Sai dai diyyar da ta tanada ta amfanin gona ce da gini, ba ta ƙasar kanta ba, wanda ke sa manomi ya ƙi yarda a faɗaɗa juji zuwa gonarsa. Akwai kuma dokar 1992 da ta ce a binciki illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi.

Tun ran gini, tun ran zane. Abin da kowace ƙaramar hukuma za ta iya yi tun fili bai ƙara tsada ba shi ne ta zauna da masarauta da duba-gari da manoma da Fulani, a zaɓi wuri mai laka, nesa da fadama da rijiyoyi, wanda bai hau burtali ba, domin leda na kashe shanu, rikicin burtali kuma yankin ya sha shi ya ƙoshi. A bar tazara a kewayensa, a dasa darbejiya, a hana yanka fuloti a ciki. Tsofaffin bololi kuma a sa su a taswira, a mayar da su filin ƙwallo ko wurin ajiye motoci. Mai sayen fili shi ma, kafin ya biya dillali la'ada, ya tambayi mai unguwa da dattawan wurin abin da ke nan shekara 20 da suka wuce.