Haƙuri da Makoki: Yadda Bahaushe Yake Jure Rashi

Gabatarwa

Hausawa kan ce mutuwa rigar kowa. Sai dai sanin haka bai taɓa hana zuciya ƙuna ba in an yi rashi. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba hanyoyin da addini da al'ada suka tanadar wa Bahaushe don ya jure rashin wanda yake ƙauna, ta kuma nuna inda waɗannan hanyoyi sukan gaza.

Zaman Makoki

Abu na farko da za a lura da shi shi ne, ba a barin wanda aka yi wa rasuwa shi kaɗai. Da zarar labari ya bazu, maƙwabta da dangi su ne za su ɗauki ɗawainiyar wanka, da ɗinkin likkafani, da haƙar kabari. Bayan an dawo daga maƙabarta, sai maza su shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mata kuma su zauna a ciki, a yi ta karɓar ta'aziyya, galibi har kwana 3.

Gaisuwar da ake yi a wurin gajera ce. Mai zuwa zai tambayi yaya haƙuri, ya yi wa mamaci addu'ar samun rahama, a shafa, ya tashi. Amfaninta yana cikin maimaitawa. Duk wanda ya shigo yana ƙara tabbatar wa mai rashi abubuwa biyu: cewa abin ya auku da gaske, da kuma cewa yana da jama'a. Haka nan abincin da maƙwabta suke aikowa yana da tushe a Sunna, domin lokacin da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi (SAW) ya yi umurni a dafa wa iyalinsa abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su.

Akwai kuma sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in, inda akan raba gumba ko waina. Malamai sun yi saɓani a kansu, wasu suna ganin bidi'a ce, musamman tun bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Masu sukar suna da wata hujja mai ƙarfi ta fuskar zaman jama'a: in har gidan mamaci ne zai ci bashi ya ciyar da baƙi, to, an juya hikimar ta'aziyya a baibai.

Takaba

Shari'a ba ta yarda mace ta yi zaman baƙin ciki fiye da kwana 3 ba, sai ga mijinta. Aya ta 234 ta Suratul Baƙara ta ƙayyade mata wata 4 da kwana 10, mai juna biyu kuwa sai ta haihu. A wannan lokaci ba ta ado, ba ta shafa turare, ba ta sa kwalli ko lalle, ba a kuma ɗaura mata aure. Ranar fita takaba akan yi mata kitso, ta sa sababbin tufafi, a yi sadaka. Watau baƙin cikinta yana da mafari da iyaka waɗanda kowa ya sani, kuma jama'a da kansu suke buɗe mata ƙofar komawa rayuwa.

Marsiyya

Masu ilmi kuwa sun sami wata mafita a waƙa. Nana Asma'u 'yar Shehu (1793-1864) ta rubuta marsiyyoyi da dama, daga ciki har da na ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, da na mijinta Waziri Giɗaɗo. A irin wannan waƙa mawallafi yakan bayyana zafin rabuwa a fili, ya lissafa kyawawan halayen mamaci, sa'an nan ya miƙa al'amari ga Allah. Wannan ya nuna magabata ba su ɗauki faɗin ciwon zuciya a matsayin raunin imani ba.

Inda Ake Samun Giɓi

Matsalar tana ɓullowa ne in aka fahimci haƙuri da ma'anar yin shiru. Kunya takan hana uwa kukan ɗanta na fari a gaban mutane. Namiji ana sa ran ya daure, ko da matar da suka shekara 30 tare ya binne. Yaro maraya kuwa sau da yawa ba mai zaunar da shi ya yi masa bayani. Alhali addini kururuwa da yage tufafi ya hana, bai hana hawaye ba. Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Giɓi na biyu shi ne lokaci. Jama'a suna cika gida a kwanakin farko, sa'ad da mai rashi bai gama dawowa hayyacinsa ba. Kewa ta gaskiya takan zo bayan an naɗe tabarmi, ranar Salla ta farko, ko ranar da aka zo rabon gado. Wanda watanni suka shuɗe bai iya barci ko cin abinci ko fita neman na kansa ba, yana bukatar a kai shi ga likita, tare da addu'ar da ake yi masa.

Kammalawa

A taƙaice, makoki da takaba da marsiyya duk aiki ɗaya suke yi: suna raba nauyin rashi tsakanin mutane da yawa da kwanaki da yawa. Haƙurin da ake nema ga mai rashi abu ne da yake samuwa a hankali, da taimakon na kusa da shi. Saboda haka ziyarar da aka kai bayan wata biyu ko uku, lokacin da kowa ya watse, tana iya fin ta ranar farko amfani.