Karɓuwar Aikin Fasaha: Misalin Faifan "Arnold Layne"

Idan sabon aikin fasaha ya fito, galibi jigonsa ake fara yi wa hukunci, salo kuwa sai daga baya ake waiwayarsa. Za a iya ganin haka a faifan farko na Pink Floyd, wata ƙungiyar makaɗan rok ta ƙasar Ingila da ta yi suna wajen gwada sababbin dabarun kiɗa.

Kamfanin EMI ne ya fitar da faifan a watan Maris na 1967, mai ɗauke da waƙar "Arnold Layne" wadda Syd Barrett ya tsara. Waƙar ba ta cika minti uku ba. Labari ne na wani mutum mai satar tufafin mata daga igiyar shanya, abin da aka ce ya taɓa faruwa a Kambirij, garin da Barrett ya tashi. Mawaƙin ya ba da labarin a taƙaice, da karin harshen Ingila maimakon na Amurka da mawaƙan rok da yawa ke kwaikwaya a lokacin, kuma ya kai ɓarawon gidan kurkuku kafin waƙar ta ƙare. Duk da wannan horo, Radio London, gidan rediyon da ke watsa shirye-shirye daga jirgin ruwa ba da lasisi ba, ya haramta sanya ta bisa zargin batsa. Abin lura shi ne, wanda ke aiki a bayan doka shi ne ya zama alƙalin tarbiyya. Haramcin bai hana faifan kaiwa matsayi na 20 a jerin waɗanda suka fi kasuwa a Birtaniya ba.

Sai dai karɓuwar ta zo da tata matsalar. A dandalin UFO da ke Landan, ƙungiyar ta saba da dogon kiɗa na nan-take, wanda kan zarce minti goma babu baiti ko ɗaya. Mutanen wasu garuruwa da suka san ta ta faifai kawai sukan zo jin gajerun waƙoƙi, su tarar da wani abu dabam, har akan kai ga ihu da jifa.

Barrett ya bar ƙungiyar a 1968, ya rasu a 2006. A shekarar ne David Gilmour da David Bowie suka rera waƙar a zauren Royal Albert Hall, ta kuma sake fitowa a faifai ta kai matsayi na 19.