Littafin Uwar Adashi

A gidajen Fagge da rumfunan kasuwar Sabon Gari babu wanda bai san uwar adashi ba. Ba don ta fi kowa jari aka ba ta riƙo ba, yarda aka yi da ita. Wanda ya kawo zubi, a gabansa za ta buɗe littafi ta yi masa alama, kuma kowa ya san ranar kwasarsa. Ranar da ta fara kwana-kwana, 'yan zubi kan taru su ce a kawo littafi, in ta kama su miƙa riƙon ga wata.

Wannan littafin ne babu a zaurukanmu na WhatsApp. Zaure ɗaya na iya ɗaukar mutum 1,024, kuma tun 2022 admin na da ikon goge saƙon kowa. Ya ga dama ya kulle bakin zaure, ya ga dama ya fitar da mutum ba tare da ko uffan ba. Ga ɗan Kantin Kwari da ke tallar shadda da atamfa a irin wannan zaure, fitarwar nan taɓa abincinsa ce, kuma ba shi da inda zai kai kuka. Abin yana ci mini rai, domin jama'a ce ta raya zauren da saƙonninta.

Wikipedia, wadda aka kafa a 2001, ta tanadi nata littafin. Duk shafin da admin ya goge, duk wanda ya toshe, yana rubuce da suna da lokaci, kowa na iya dubawa. A sashen Turanci sai an yi mako guda ana tankaɗe da rairaya kafin a naɗa mutum admin, kuma daga 2024 editoci 25 na iya sa hannu a tilasta masa sake neman amincewar jama'a.

Amma littafi sai da masu dubawa. A 2021 rahoton Gidauniyar Wikimedia ya nuna yadda wasu 'yan tsirarun admin suka yi kaka-gida a sashen harshen Kuroshiya shekara da shekaru, suna korar masu ja da su, suna murɗe tarihi. Inda editoci ba su da yawa, hakan ya fi sauƙin faruwa, kuma Wikipedia ta Hausa tana cikin irin waɗannan. Matasan Kano da ke rubutu a cikinta su riƙa leƙa rajistar gogewa da toshewa, su tambayi dalili in ba su gamsu ba.