Hoton fasfo da wayar hannu: Yadda za ka ɗauka a gida ba tare da an ƙi karɓa ba

Da wuya matashi ya nemi wata takarda a yau ba a ce ya kawo hoton fasfo ba. Rajistar makaranta, fom ɗin aikin soja ko ɗan sanda, tallafin karatu, bautar ƙasa, biza, kujerar Hajji, duk sai da shi. Ga ɗalibin da ke Kwalejin Ilimi ta Gumel wannan ba wani abu ba ne, zai taka wurin mai hoto, cikin 'yan mintuna an gama. Amma ka ɗauki yaron da ke wani ƙauye a Gagarawa ko Sule Tankarkar. Sai ya hau acaɓa ya fito titi, ya jira mota ta cika, ya isa gari ya tarar babu wuta, janareton mai hoton kuma ba mai. Sau da yawa kuɗin motar ya fi na hoton, yini guda ya tafi, ga shafin da zai cike saura kwana biyu a rufe.

Alhali wayar da ke aljihunsa, Tecno ce ko Infinix ko itel, za ta iya yin wannan aiki. Matsalar kawai ita ce, abin da muka saba kira hoto mai kyau shi ne ainihin wanda hukuma ba ta so.

Tun ranar 8 ga Janairun 2024 maganar ta ƙara nauyi. A ranar ce aka fara aiki da sabon tsarin neman fasfo ta intanet da Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar, inda mai nema zai loda hotonsa da takardunsa da kansa a shafin Hukumar Shige da Fice. Shafin yana duba hoton, in bai cika ƙa'ida ba ya ƙi karɓa. Kuɗin fasfon ma ya daina zama na wasa: daga 1 ga Satumban 2025, mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira dubu 100, mai shafi 64 na shekara goma naira dubu 200. Wanda ya sayar da buhun riɗi ya haɗa wannan kuɗi, bai kamata inuwa a bayan kunne ta tsayar masa da aiki ba.

Na'ura ce ke kallonka, ba budurwarka ba

Ƙa'idojin ba a Abuja aka ƙirƙiro su ba. Sun fito ne daga Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, mai hedikwata a birnin Montreal na ƙasar Kanada. Ita ce ta tsara yadda fasfon ƙasashen duniya zai kasance domin na'ura ta iya karanta shi a kowane filin jirgi, daga Kano har Jidda. Na'urar kuwa ba ruwanta da kyau ko muni. Tana auna tazarar da ke tsakanin idanuwanka, inda hanci ya tsaya, faɗin baki, siffar haɓa, sannan ta gwada da fuskar da ke tsaye a gabanta. Duk abin da ya canza waɗannan ma'aunai, ko ya ɓoye su, to ya ɓata hoton.

In ka gane wannan, sauran dokokin ba sai ka haddace su ba. An ce a rufe baki kada a yi dariya, saboda dariya tana matse ido tana ja da kumatu. An ce a kalli kyamara kai tsaye, kada a karkata kai kamar yadda 'yan TikTok suke yi, saboda na'urar tana son gefen fuska biyu daidai. An ce hoton ya zama sabo, wanda bai wuce wata shida ba, saboda fuskar ɗan shekara sha bakwai ba ita ce ta ɗan ashirin da uku mai gemu ba. Tabarau ma gara a cire, don gilashi yana mayar da haske ya rufe ƙwayar ido. Amurka dai tun watan Nuwamban 2016 ta hana hoto da tabarau a fasfonta da bizarta.

Abu na farko da za a manta da shi shi ne hoton ɗauki-kanka. Hannu ba ya da tsawon da ake buƙata, kuma kyamarar da ta matso kusa tana kumbura duk abin da ya fi kusa da ita, wato hanci. Wasu likitoci a Amurka sun auna abin a wani bincike da aka wallafa a 2018, suka gano cewa hoton da aka ɗauka daga tazarar santimita 30 yana ƙara faɗin hanci da kusan kashi 30 cikin ɗari, idan aka gwada da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Ga shi kuma kyamarar gaba a wayoyi da yawa tana juya hoto kamar madubi, tabon da ke kuncinka na dama ya koma hagu. Don haka ka ba ƙaninka ko abokinka wayar, ya ja baya kamar taku biyu, ya ɗaga ta daidai da idonka, ya ɗauka da kyamarar baya. Ya bar sarari a saman kai da gefen kafaɗu, daga baya a yanke.

Abu na biyu, kuma a ganina shi ya fi kayar da mutane, shi ne kwalliyar da wayar take yi da kanta. Yawancin wayoyin da ke hannunmu suna zuwa da tsarin gyara fuska: su goge ƙuraje, su sulɓe fata, su haska ta, wani lokaci har su rage kumatu, ba tare da ka nema ba. Ka shiga kyamarar ka kashe shi gaba ɗaya, ka kashe kowace filta, ka kashe wanda yake dusashe bayan mutum. In kana da tsage a fuska, ko tabo, ko tawadar Allah, bar su a inda suke, domin suna cikin abin da zai nuna kai ne. Wasu kuma yanzu sun koma ba manhajojin ƙirƙirarriyar basira tsohon hoto su sa musu kwat da farin bango. Hoton kan fito fes, amma fuskar ta ɗan sauya, ta zama ta wani ɗan uwanka da ba a haifa ba. Garin neman gira kenan a rasa ido. Irin wannan sauya fuska da kwamfuta na daga cikin abin da ya sa Jamus, daga watan Mayun 2025, ta koma tsarin da sai dai a ɗauki hoton fasfo a ofishin hukuma ko wurin mai hoton da zai tura shi kai tsaye ta amintacciyar hanya.

Rana muna da ita, har ta yi yawa

Mai hoto a situdiyo yana kashe kuɗi a kan fitilu. Mu a ƙasar Gumel haske kyauta ne, sai dai a san lokacinsa. Ranar tsaka ba ta yi: tana sauko wa mutum daga sama, ta zuba inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hanci, ta sa shi yamutsa fuska. Inuwar darbejiya ma ba ta yi, domin ganye yana yayyafa wa fuska haske da duhu. Abin da ake so shi ne inuwa mai faɗi wadda haske ke shigowa ta gaba, kamar bakin zaure, ko baranda, ko jikin bangon da rana ba ta kai gare shi ba, da hantsi ko bayan la'asar. Mai hoton ya juya wa hasken baya, kai kuma ka fuskance shi. Lokacin hunturu, in hazo ya lulluɓe rana, hasken ya fi kowane lokaci laushi. Sai dai a goge idon kyamarar da gefen riga mai taushi kafin a ɗauka, don ƙurar da ke kansa ita ce ke sa hoto ya fito kamar an ɗauke shi cikin hayaƙi. Filasha kuwa a kashe ta, tana sa goshi ƙyalli kuma tana jefa baƙar inuwa a bango.

Bangon kuma fari ake so, marar zane. Yawancin gidajenmu na ƙasa ne ko siminti marar fenti, to ba laifi. Farin kwali irin wanda ɗalibai ke saye a shagon littattafai ya wadatar, a manna biyu a bango. Farin zanin gado ma yana yi in an goge shi an ja shi sosai, amma farar shadda tana da ƙyalli da zanen saƙa, kyamara tana kama su. Kada ka jingina da bangon, matso gaba kamar taku ɗaya, inuwarka za ta faɗi ƙasa maimakon ta tsaya a bayan kanka.

Akwai wata dabara da ta shafe mu musamman, mu masu baƙar fata. Idan waya ta ga farin bango ya cika mata ido, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, fuskar ta fito baƙi ƙirin, ido da haƙori kawai ake gani. Maganin shi ne mai ɗauka ya taɓa fuskarka a jikin allon wayar kafin ya danna, domin ta auna haske da fuskar, in ya so ya ɗan ja alamar ranar sama kaɗan. Kaɗan fa, ba har ka koma Balarabe ba. Kaya kuma a sa masu duhu ko masu launi. Farar riga a farin bango tana ɓacewa, a ga kai kawai yana lilo.

Ke kuma 'yar uwa, hijabinki bai hana komai ba. Ƙa'idar ta yarda da rufe kai saboda addini, da sharaɗin a ga fuska gaba ɗaya daga ƙasan haɓa zuwa saman goshi, da gefe da gefe. Kada hijabin ya sauko kan gira ko ya hau haɓa, kada ya yi miki inuwa a goshi, kuma kada ya zama fari, sai ki zaɓi baƙi, ruwan ƙasa ko shuɗi mai duhu. Niƙabi dole a ɗaga. A nan ma ɗauka a gida ta fi daɗi, domin yayarki ko ƙawarki ce za ta ɗauke ki a tsakar gida, ki gyara zama yadda kike so, ba tare da wani namiji yana cewa ɗaga kai, sauke kai ba. Kwalli kaɗan ba matsala, amma hoda mai canza launin fata da gashin ido na kanti a ajiye su sai ranar biki. Samari kuma a cire hula, ko da zanna ce sabuwa, don ita ado ce.

Girma da nauyi

Hoton fasfo da aka fi sani a duniya faɗinsa milimita 35 ne, tsawonsa 45, fuska kuma daga haɓa zuwa saman kai ta cinye kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na tsawon. Bizar Amurka daban take, murabba'i ne, inci biyu kowane gefe. Shafukan intanet kuwa kowanne da nasa: wani zai faɗi adadin fiksel, wani ya ce kada nauyin ya wuce kilobait kaza, yawanci kuma JPEG suke karɓa. Karanta abin da shafin ya rubuta kafin ka yanke, ba bayan ya ƙi karɓa sau biyar datarka ta ƙare ba. Yanka hoto da rage nauyinsa ba laifi ba ne, akwai manhajoji na kyauta masu yin haka. Abin da ba a so shi ne a ja hoton ta gefe ɗaya don ya cika ma'auni, fuska ta koma doguwa ko faffaɗa.

Ka ajiye asalin hoton da ba a taɓa ba a imel ɗinka, domin gobe wani fom ɗin zai nemi wani girman. In za ka tura wa mai shagon intanet ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba manhajar za ta matse shi ta rage masa ƙarfi. Kuma kada ka ɗauki hoton tsohon hoto da waya ka loda, ana ganewa.

Wata magana kuma, tunda an zo kan shagon intanet: in an gama, ka tsaya a goge hotonka da takardar NIN ɗinka daga kwamfutar a gabanka. Hoto da lambar NIN da ranar haihuwa a wuri guda kaya ne masu daraja a hannun ɗan damfara.

Sai dai kada wani ya ɗauka wayar ta ɗauke masa kowace tafiya. Wanda ke neman fasfo karon farko, bayan ya loda hoton ya biya kuɗi, sai ya je ofishin fasfo a ranar da aka ba shi, ga mutanenmu yawanci Dutse, a ɗauki zanen yatsunsa da fuskarsa. Sunansa da ranar haihuwarsa kuma dole su yi daidai da abin da ke kan NIN, in akwai saɓani a gyara tun kafin a biya. JAMB a cibiyar rajista take ɗaukar hotonka, haka hukumar NIMC, haka INEC, waɗannan ba sa buƙatar naka. Amma mai shirin shiga sansanin 'yan bautar ƙasa, ko na Fanisau ne ko na wata jiha, zai buƙaci wankakkun hotuna da yawa a jaka, haka sabon ɗalibi ranar rajista.

Wankin ma akwai sauƙi. Takardar hoto mai inci huɗu da shida, wadda ake wanke hoton biki a kanta, tana ɗaukar hoton fasfo takwas, huɗu a sama huɗu a ƙasa. Ka jera su a wayarka da manhaja, ka haɗa da na ƙannenka da na maƙwabta, duk wanda zai shiga Gumel, ko zai ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a tura masa ya wanko a matsayin hoto ɗaya-ɗaya. A ce wa mai wankin kada ya ƙara girma ko ya rage, in an dawo gida a gwada ɗaya da rula kafin a sa almakashi.