Daga Achilafiya Zuwa Lafiya: Matan Da Suka Riga Pillars Ɗaga Kofi

Ba don mata na je Kaduna ba, gara in faɗi gaskiya tun farko. Ranar Lahadi 28 ga Yuli, 2019, Kano Pillars ce ta tashe mu daga Achilafiya tun asubar fari, mu shida a mota ɗaya, muka bi ta Kazaure, muka ratsa Kano, muka miƙi hanyar Zariya. A shekarar da ta gabata Masu Gida, wato Pillars, sun ba mu kunya a Asaba: suna da ci uku da nema, Rangers ta Inugu ta farke su tas, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. To ga shi an sake kaiwa wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wanda a lokacin ake kira Kofin Aiteo, kuma a filin wasa na Ahmadu Bello, nan bayan ɗaki. Wa zai zauna a gida?

Mun yi sammakon shiga don kada a cinye mana wuri, sai muka tarar mata ne za su fara nasu wasan ƙarshen: Rivers Angels ta Fatakwal, mai riƙe da kofin, da Nasarawa Amazons ta Lafiya. Kawuna da muka zo tare ya kalli fili, ya taɓe baki.

"Kai ɗan nan, yanzu wannan ma ƙwallo ce?"

Na ce, "Kawu, a dai yi haƙuri, yanzu za su gama."

Ya juya ya kama cin gyaɗarsa. Ba a je hutun rabin lokaci ba na ji shi yana yi wa alƙalin wasa ihu a kan wata ƙeta da aka yi wa 'yar Lafiya. Da aka kai ga bugun daga kai sai mai tsaron gida, a tsaye ya kalla, hularsa a hannu. Amazons suka ci. Bayan su Pillars ta doke Niger Tornadoes, ita ma da fenareti. Kofi biyu suka kwana a Arewa a ranar, amma na matan aka fara ɗagawa.

Tun daga nan na riƙa bin labarin Amazons. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙuruciyarta. Jihar Nasarawa ma a 1996 aka ƙirƙiro ta, mu Jigawa mun girme ta da shekara biyar. An kafa Amazons a 2004, zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, kuma gwamnatin jiha ce ke ɗauke da ita. A lokacin ƙwallon mata a Nijeriya ta 'yan kudu ce. Gasar mata ta ƙasa ta fara tun 1990, kuma masu juya ta su ne irin su Jegede Babes ta Legas, wadda Gimbiya Bola Jegede ta kafa, da Ufuoma Babes ta Warri, sai Pelican Stars ta Kalaba. Baƙuwar da ta zo daga Lafiya ba ta tsaya gaishe-gaishe ba, a 2005 ta ɗauki Kofin Ƙalubale. Kofin gasar firimiya ta mata kuwa sai da ta jira har 2013, ta maimaita a 2017. Na Kaduna da muka gani da idonmu shi ne na huɗu.

In ka tambayi masu bin wasan sirrin abin, suna ɗaya za su kira maka: Christopher Danjuma. Shi ne kocin da ya daɗe da ƙungiyar, ya riƙa tsinto yara yana renonsu har su zama gwanaye. Aikin da ya yi a Lafiya ya sa aka damƙa masa Falconets, tawagar 'yan ƙasa da shekara ashirin, ya kai su gasar duniya a Faransa a 2018, ya sake kai su Kostarika a 2022. Ni a ganina nan ne bambancin yake. Kulob ɗin gwamnati da hancin gwamna yake numfashi. In aka samu mai so a ci gaba, in aka samu wanda ba ruwansa a yi ta bin bashin albashi. Sau da yawa sabuwar gwamnati kan zo da sabon koci, shi kuma ya watsar da yaran wanda ya gada. Amazons ta ga gwamnoni sun zo sun wuce, ba a rushe ginin ba. Ba ƙaramin abu ba ne wannan a ƙasarmu.

Sai kuma kasuwa ta buɗe. Anam Imo ta bar Lafiya ta tafi Rosengard ta Suwidin a 2019. A shekarar ce Amarachi Okoronkwo ta je gasar cin kofin duniya a Faransa tana 'yar Amazons. Christy Ucheibe ta bi ta Suwidin ta sauka a Benfica ta Fotugal, kuma tana cikin waɗanda suka hana Ingila sakat a gasar duniya ta 2023, sai da fenareti aka fitar da Nijeriya. Yarinyar da jiya take atisaye a ranar Lafiya mai ƙona ƙeya, yau da kuɗin Turai take ciyar da iyayenta.

Amma sake karanta sunayen nan. Imo, Okoronkwo, Ucheibe. Ƙungiyar tana Arewa, garin Lafiya da Hausa ake ciniki a kasuwarsa, amma akasarin 'yan wasan daga kudu da tsakiyar ƙasa suke. Ba ka cika jin Hauwa ko Balaraba ba. Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a rai a hanyarmu ta komowa, lokacin da sauran suke ta waƙar Pillars.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kuma ba na raina shi. A shekarar 2000 Jihar Zamfara ta hana ƙwallon mata bayan ƙaddamar da shari'a, amma ko babu doka, iyaye a garuruwanmu sun riga sun yanke hukuncinsu. Uban da ke Roni ko Gwiwa ko Babura ba zai so ya ga 'yarsa da gajeren wando a gaban dubban maza ba. Ni ma uba ne, ba zan so ba. Sai dai duniyar ta motsa, mu ba mu waiwaya ba. Tun 2014 hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta amince a buga wasa da hijabi. A gasar duniya ta 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta shiga fili kanta a rufe, hannu da ƙafa a suturce. Saudiyya, inda muke biyan miliyoyi mu je sauke farali, ta buɗe gasar firimiyarta ta mata a 2022, har 'yar Nijeriya Ashleigh Plumptre ta koma Al-Ittihad ta Jidda. Asisat Oshoala da ta zama gwarzuwar Afirka sau shida Musulma ce.

Ranar 26 ga Yuli, 2025, gidan kallon unguwarmu ya cika maƙil. Super Falcons, babbar tawagar matan Nijeriya, na wasan ƙarshe na kofin Afirka da Maroko a Rabat, an ci mu biyu, muka farke muka ƙara ɗaya, kofi na goma ke nan. Kocin da ya yi wannan aiki, Justine Madugu, ɗan Adamawa ne. Da aka ji Shugaba Tinubu ya ba kowace 'yar wasa kwatankwacin dala dubu ɗari da gida mai ɗaki uku, sai hirar majalisa ta canza salo. Waɗanda ke cewa ƙwallon mata shirme ce suka shiga lissafin buhun gero nawa kuɗin zai saya.

Akwai wata 'yar ƙanwata, shekararta goma sha ɗaya. In yayyenta suka rasa cikon mutum a tsakar gida ita suke jawowa, kuma na rantse da ƙafar hagu ta fi su duka. Nan da shekara biyu za a ce ta girma, ta bari. Ba cewa nake a kafa mana Amazons a Dutse gobe ba. Jigawa Golden Stars ta maza ma tana nan tana fama. Roƙona bai kai nan ba. Muna da makarantun kwana na 'yan mata masu katanga da fili. A samo malamai mata masu horarwa, a ɗinka wa yaran dogon wando da hijabin wasa, a shirya musu gasa tsakanin makarantu, 'yan kallo su zama mata zalla. Kuɗin bai kai na gyaran mota ɗaya a ayarin manya ba. Masu riƙe da ilimi da wasanni a jiharmu, don Allah a gwada ko da zango ɗaya ne, a fara da masarautar Kazaure.