Ba Kowane Jini Ne Basir Ba

Wani saƙon murya na ta yawo a WhatsApp tsakanin ma'aikatan Sharada da Challawa, har ya tsallaka Bompai. Mai maganar ya buɗe da sallama da salati, ya ce shi mai kishin talaka ne, sannan ya dira kan gwajin bahaya da likitoci ke ba wa waɗanda suka fara manyanta shawarar yi don gano jinin da ido ba ya gani. Bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda ya koyi likitanci ba, sai dai "ka tura wa mutum goma". Aka kuwa tura.

Wasu zantukan nasa ba su cancanci dogon bayani ba. Wai tsafi ake da bahayan, alhali abin da ake lakatowa da ɗan tsinken roba bai wuce ƙwayar gero ba, kuma a ɗakin gwaji yake ƙarewa. Wai dabarar sallamar ma'aikata ce, alhali sakamakon sirri ne tsakaninka da likitanka. Wai kansar hanji cutar Turawa ce. Mai wannan tunani ya tambayi likitocin tiyata a Asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala.

Maganarsa ta cewa ruwan jima na da hannu a cutar kam akwai ƙamshin gaskiya. Kowa ya san launi da warin abin da ke malala daga kamfanonin fatu zuwa Salanta da kogin Challawa, da na Bompai da ke bin Getsi zuwa Jakara. Ana jima da sinadarin kuromiyom, kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta sa wani nau'insa cikin abubuwan da ke haddasa kansa, amma hujjar da ta tabbata kan huhun masu shaƙarsa take. To ko da ruwan na da hannu a ciwon hanji, ai wannan dalilin yin gwaji ne, ba na gudunsa ba.

Inda saƙon ya fi ɓata mini rai shi ne inda ya ce duk jinin da ke fita ta dubura basir ne, tsayuwa gaban inji da cin maiƙo ne suka kawo shi, a sha jiƙo a huta da asibiti. Wannan magana kisa take yi, kuma a hankali take yinsa.

Ba na ganin laifin waɗanda suka yarda. Basir gaskiya ne, kuma ya yi yawa. Leburan da ake biya kullum-ta-Allah ya san yini guda a layin asibiti cefanen gida ne ya tafi. Ga kunya: wane magidanci ne zai so ya zauna gaban likita, wataƙila sa'ar 'yarsa, yana bayanin bayan gidansa? Mai mota da lasifika kuwa yana nan bakin ƙofar kamfani lokacin tashi, gorunan sassaƙe jere a kan but, yana lissafo alamomi tun kafin ka buɗe baki. Ba ya duba kowa, ba ya tambayar shekaru.

Ga yadda kansar hanji take. Galibi tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon babban hanji, wanda kan ɗauki shekaru, sau da yawa kusan 10, kafin ya rikiɗe. A tsawon lokacin ba ciwo, ba rama, sai ɗan tsattsafin jini jefi-jefi da ke cakuɗewa da bahaya. Shi gwajin bahayan da ake kira FIT ke nema. Jinin ɗan Adam kaɗai yake ganewa, don haka ba sai an ƙaurace wa nama ba kamar yadda tsohon gwajin ke buƙata. Wani babban bincike a jihar Minnesota ta Amurka da aka wallafa a 1993 ya nuna cewa gwajin bahaya duk shekara ya rage mace-macen kansar hanji da kashi 33 cikin 100. Ingila ta fara aika wa mutane kayan gwajin har gida a 2006, Amurka kuma ta sauko da shekarun farawa zuwa 45 a 2021.

Mai saƙon ya tsinci wani ɓangare na gaskiya ya murɗe shi. Samun jini ba ya nufin kansa. Binciken da likitocin Ile-Ife da abokan aikinsu suka yi a jihohin Osun, Kwara da Legas, aka wallafa a 2022, ya samu jini a bahayan kusan mutum ɗaya cikin biyar, kuma ƙalilan ne aka tarar da kansa a jikinsu. Basir na sa haka, atini da tsutsar ciki ma haka, har da magungunan kashe zafi irin su diclofenac da masu aikin ƙarfi ke sha ba ƙaidi. Amma gwajin ba ya faɗin daga ina jinin ya fito, balle mai lasifika. Kuma basir ba ya hana kansa zama a sama da shi. Mutum ɗaya na iya ɗauke da duka biyun. Abin da ke rarrabewa shi ne leƙa hanji da siririyar na'ura mai kyamara, kuma idan an ga tsiron a nan take ake iya cire shi. Aikin na da tsada, wuraren yinsa ba su da yawa, Najeriya ba ta da shirin da ke kai wa kowa gwaji gida. Duk da haka kuɗin aikin bai kama ƙafar kuɗin tiyata da allurar kansa ba idan cutar ta bazu, kuma a wannan matakin yawancin marasa lafiyarmu ke isa asibiti.

Wanda yake ganin jini da idonsa, ko bayan gidansa ya sauya makonni, ko yana rama, ko an ce jininsa ya yi ƙasa ba dalili, kada ya tsaya neman gwaji da kansa. Likita zai nufa, ko shekarunsa 30. Sakamako mai kyau ma ba takardar sallama ba ce, tunda tsiron ba kullum yake zubar da jini ba, shi ya sa ake maimaitawa duk shekara ko shekara biyu. A kuma mayar da kwalbar da wuri, kada ta yini a aljihu, domin zafin Kano na lalata jinin da ke cikinta har ya ɓace wa gwaji. Wanda kuma mahaifi, mahaifiya ko ɗan'uwansa na jini ya taɓa yin wannan cuta, ya faɗa wa likita tun a zuwan farko, don irinsu akan fara duba su tun suna shekara 40, wani lokaci ma kafin nan.