Itace Ma Da Danginsa: Zuriyar Erika

Jama'a, kowane manomi ya san wake da gyaɗa dangi ne. To, haka masana suka karkasa dukan tsire-tsire zuriya zuriya. Yau za mu duba wata zuriya ta itatuwan ado da a ke kira Erika, mai iri wajen 4,000.

Manyan gidajenta biyu ne. Akwai Erika kanta, mai iri fiye da 800, yawancinsu a kudancin Afirka ta Kudu. Akwai kuma Rododendiron, mai iri fiye da 1,000, yawancinsu a duwatsun Himalaya da Sin da tsibiran kudu maso gabashin Asiya.

A 1753 wani masani ɗan Suwidin, Linnaeus, ya raba Azaliya da Rododendiron gida biyu, don ya ƙirga zaren da ke ɗauke da garin fure, ya sami 5 a ɗaya, 10 a ɗayan. Daga baya aka sami Azaliya mai zare 10, sai raba gidan ya rushe. A 1834 George Don ya haɗa su gida ɗaya. Yanzu kuwa masana su kan duba ƙwayoyin gado na cikin ganye, watau abin da tsiro ya gada daga kakanninsa. Binciken nan ya nuna kaɗanyarmu da kanya da ganyen shayi dangin Erika ne na nesa.

Ina amfanin sanin wannan? Dangi halinsu ɗaya. Na farko, zuriyar nan ƙasa mai tsami ta ke so, da laima, kuma yawancinta wurin sanyi. Shi ya sa a yankunan Afirka masu zafi yawanci a kan duwatsu a ke ganinta, kamar na Habasha da Kamaru. Wanda ya sayi Azaliya ya zuba mata toka, ya kashe tsamin ƙasar, ganye ya yi rawaya, kuɗinsa ya tafi.

Na biyu, Azaliya da Rododendiron suna da dafi. Akuya ko tunkiya in ta ci ganyen, sai dalala da amai, wani lokaci har mutuwa. A Turkiyya da Nefal zumar furen ma ta kan bugar da mutum.

Saboda haka, kafin ka sayi itacen ado, tambayi sunansa da danginsa. In Azaliya ce, nesanta ta da turke da hannun yara.